Komawa Maraɗi daga Yamai: ina neman shawarar waɗanda suka zauna a garuruwan biyu

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaishe da iyayena da yayyena da ke wannan zaure, ina kuma roƙon a taimaka mini da shawara a kan wani al'amari da ya hana ni sakat tun kafin azumi.

Ni haifaffen Maraɗi ne, a unguwar Bagalam aka binne cibiyata, amma tun da na gama karatu aiki ya kai ni Yamai, inda na yi aure aka kuma haifa mini yara. Kwanan nan aka sanar da cewa akwai gurbi a reshenmu na Maraɗi, shugabana kuma ya tambaye ni ko ina so a mayar da ni gida. Albashi ba zai canja ba, sai dai kuɗin tarurruka da na tafiye-tafiye da ake samu a babban birni za su yanke, kuma kowa ya san cewa wanda ya yi nesa da idon manya ba a cika tunawa da shi ba ranar ƙarin girma.

Duk da haka zuciyata ta karkata ga komawa, domin zaman Yamai ya ishe ni. Gidan da nake haya yana Harobanda, a ƙetaren kogin Isa, ofishinmu kuwa yana ɗaya ɓangaren, saboda haka kullum sai na hau gadar Kennedy safe da yamma. An buɗe gada ta biyu a 2011, an ƙara ta uku a 2021, amma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tsohuwar gadar da ƙarfe bakwai da rabi na safe, tsakanin taksi da babura da amalanken jakai, hayaƙi yana shigar masa hanci, ya san cewa birnin yana girma fiye da yadda ake iya buɗe masa hanya. Ina fita yara ba su gama karyawa ba, ina dawowa ana kiran magariba, ba ni da sauran ƙarfin duba littafin ko ɗaya daga cikinsu. Haya tana cinye kaso mai tsoka na albashi, a gidan da tsakarsa siminti ne zalla, babu ko itace guda. Dajin bedin da aka fara dasawa a 1965 domin ya kewaye Yamai ya tsare ta daga iska da rairayi, yau an yayyanka wurare da dama a cikinsa an yi filaye, wasu wuraren kuma sun zama juji.

Maraɗin da nake tunawa gari ne na bedi a jere a bakin hanya, da lambunan gulbi inda muke zuwa cin mangwaro, da tafkin Madarunfa da ake kai mu ranar hutu. Sai dai zuwan da nake yi yanzu na salla ne ko na gaisuwar rasuwa, wanda ba ya isa a gane halin gari. Maiɗakina kuma haifaffiyar Yamai ce, tana da shagon ɗinki da masu kawo mata aiki, ba ta ce a'a ba, amma ba ta ce to ba.

Tambayata ga waɗanda suka zauna a garuruwan biyu, ko suka san Kano da makamantanta, ita ce: natsuwa da inuwar da nake hange a Maraɗi suna nan kuwa, ko begen ƙuruciya ne kawai yake ruɗa ni? Kuma wanda ya bar babban birni ya koma matsakaicin gari, me ya samu, me ya rasa?

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya zaɓa maka abin da ya fi alheri. Zan tsaya a kan maganar itatuwa, tun da a kanta na ƙare ƙuruciyata, sauran batutuwan kuma na bar wa waɗanda suka fi ni saninsu.

Ya kamata ka fara tuna inda garin yake zaune. Tsohuwar Maraɗi, wadda sarakunan Katsina suka mayar mazauninsu bayan da jihadi ya raba su da birninsu, a cikin kwarin gulbi take, inda ƙasa take da danshi, itace kuma yake fitowa ba tare da wani ya roƙe shi ba. Ambaliyar 1945 ce ta rushe ta, Turawan mulki suka tayar da mutane zuwa kan tudu, suka yanka hanyoyi miƙaƙƙu waɗanda kake gani har yau a su Bagalam da Mokoyo da Ɗan Gulbi da Limanci. Tudun nan jigawa ne. Duk inuwar da ka sha a bakin hanya kana yaro wani ne ya haƙa rami ya dasa ta, ya yi mata shinge saboda awaki, ya ɗauko ruwa ya zuba mata har ta kama. Shi kansa bedin baƙo ne, daga ƙasar Indiya asalinsa yake, an yawaita shi ne saboda yana jure fari kuma dabbobi ba su cika damunsa ba. Tun 1975 aka mayar da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace a Nijar, kuma an dasa da yawa, sai dai dasawa a gaban manyan baƙi daban, shayarwa a watan Afrilu daban.

Idan ka zo da idon neman abin da ka bari, za ka ga an yi asara. A tsofaffin unguwanni, duk gidan da ke bakin titi ya fasa katanga ya fitar da shago, kuma abu na farko da ake sarewa shi ne itacen da ke ƙofar gida, wai yana tare wa masu saye gani. A sababbin unguwanni na gefen gari kuwa mutum yana sayen fili ya kewaye shi, ya cika shi da ɗakuna har bango, ya malale abin da ya rage da siminti, wato abin da kake gudu a Yamai shi ake kwaikwayo a nan. Gulbin ma ba kamar da ba ne. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya wajen 1990, ruwan da ke malalowa ya cika kwarin a damina ya ragu, masu lambu da yawa sun koma dogaro da rijiya da injin ban-ruwa. Har yanzu akwai mangwaro da kayan miya, kuma idan ka gangara Jiratawa za ka ga zogale iya ganinka, amma kada ka zo kana tsammanin kurmin da kakanninka suke ba da labari.

Inda jiharmu ta yi abin a zo a gani kuwa shi ne gonaki, kuma nan nake so ka kai yaranka. Bayan farin shekarun 1970 gonakin yankin nan sun yi fayau, domin an koya wa manomi cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share ƙal, dokar lokacin kuma ta mayar da itace mallakar hukuma, har manomi ya gwammace ya kashe tsiro tun yana ƙarami da ya bar shi ya girma ya jawo masa tara. A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki da ƴan mishan a nan Maraɗi, ya lura cewa ƴan kurarrajin da ake sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Aikin ba shi da wuya. Manomi zai tsaya a kan kututturen sabara ko kalgo da ya tofo rassa goma sha wani abu, ya zaɓi uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ya datse sauran da wuƙa mai kaifi yana yankawa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, sannan ya rage ƙananan rassan da ke jikin waɗanda ya bari. Tun da saiwar ta riga ta yi zurfi, cikin ƴan shekaru sai ka ga itace ya wuce tsayin mutum ba tare da an zuba masa ko moɗa guda ta ruwa ba. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka karɓi abin, aka riƙa kiransa sassaben zamani, daga baya dokokin ƙasa, musamman ta gandun daji ta 2004, suka sassauta wa manomi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Ka bi hanyar Agye ko ta Tasawa a watan Fabrairu, lokacin da kome ya bushe, za ka ga gawo yana tsaye kore shar a tsakiyar gonaki, domin shi da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani kuma ya tofo ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa. A ganina wannan shi ne abin da Maraɗi ta fi Yamai da shi: daga tsakiyar gari, tafiya kaɗan a kan babur ta isa ta fitar da kai cikin wannan. Amma cikin garin kansa, inuwar da za ka samu ita ce wadda ka dasa a gidanka.

Alhaji na Babbar Kasuwa ya amsa:

Malam, na karanta bayaninka, kuma zan faɗa maka gaskiya ko da ba ita kake son ji ba. Idan shiru kake nema, Maraɗi ba garin shiru ba ce. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 267,000 a cikin birnin, lokacin da Yamai take da kimanin miliyan ɗaya, kuma daga wannan shekara zuwa yau kowa ya ga yadda gari ya bazu ta kowace kusurwa. Ba a banza ake kiran Maraɗi cibiyar kasuwancin Nijar ba. Tun zamanin cinikin gyaɗa alhazan garin nan ba su san zama ba, kuma ƴaƴansu da jikokinsu haka suka gada. Ka zo bakin babbar kasuwa ranar Litinin ko Juma'a da hantsi, ka ga manyan motocin da suka shigo ta Ɗan Isa, garin bakin iyakar Najeriya, suna sauke kaya, ƴan kabu-kabu suna kutsawa ta duk inda suka ga tsaga, ƴan adaidaita suna tsayawa a tsakiyar titi don ɗaukar fasinja, masu baro suna ihun a ba su hanya, sannan ka gaya mini ko gadar Kennedy ta fi wannan. An gyara wasu tituna lokacin bikin Maraɗi Kwalliya na 2015, amma ababen hawa sun riga sun fi ƙarfinsu.

Abin da ya bambanta mu da manyan birane shi ne tazara. Ni harkata tana kai ni Kantin Kwari a Kano, kuma a can idan abokin ciniki ya ce mu haɗu a wata unguwa ta bayan gari, na san rabin wunin nan ya tafi. A nan kuwa ina buɗe shago da safe, a kira ni cewa an yi rasuwa a Sabon Gari, in hau babur in sami salla in raka gawa, in dawo in tarar mai jirana bai gama shan shayinsa ba. Ina cin abincin rana a gidana, ina ganin yarana sun dawo daga makaranta, ina yin azahar a masallacin unguwarmu, in ɗan kishingiɗa kafin la'asar lokacin zafi. Cunkoson namu yana da wuri kuma yana da lokaci, wanda ya san gari yana iya kauce masa ta bayan layi. Idan wannan kake nufi da natsuwa, to akwai ta, kuma ni ban ga kuɗin da za a ba ni in sayar da ita ba.

Sai dai ka sani cewa arzikin garin nan a ɗaure yake da iyaka. Katsina ta fi mana Yamai kusa nesa ba kusa ba, domin tsakaninmu da Yamai kilomita sama da 600 ne, wuni guda cur a mota ta Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso. Da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agustan 2019 har zuwa ƙarshen 2020, kasuwa ta yi sanyi ƙwarai. Da aka ƙaƙaba takunkumi bayan juyin mulkin 2023, aka yanke wutar da ke zuwa daga can, mai sayar da ƙanƙara da mai walda da tela duk sun ji a jikinsu. Tun da maiɗakinka ɗinki take yi, ka sa kuɗin faifan sola a cikin lissafinka tun yanzu.

Ga kuma layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa nan, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021. Mu ƴan kasuwa addu'a muke yi ya iso. Ranar da ya iso kuwa kuɗin fili zai tashi, baƙi za su ƙaru, kuma Maraɗin da kake gudowa gare ta za ta fara kama da inda ka baro. Idan za ka zo, ka zo da wuri ka sami wurinka.

Malama daga Unguwar Zariya a Maraɗi ta amsa:

Ƙanena, Baba ya yi maganar itace, Alhaji ya yi ta kasuwa, ni kuma zan yi ta cikin gida, domin na lura ka ba maiɗakinka layi biyu kacal a cikin dogon bayaninka, alhali ita ce za ta fi kowa jin wannan ƙaura. Mu ma a Yamai muka fara zama kafin a mayar da maigidana nan, kuma ni ba ƴar garin ba ce.

Akwai wata hayaniya da ba ta mota ba ce, ita ce ta dangi. A Yamai idan ka rufe ƙofarka ka rufe ke nan, maƙwabcinka bai san nawa kake samu ba, bai kuma damu ya sani ba. A garinku kuwa kai ɗan wane ne, ma'aikaci, wanda ya dawo daga babban birni. Tun ba a sauke tukunyar kunu ba za a yi sallama: gwaggo ta zo da takardar magani, ɗan baffa ya zo neman kuɗin makaranta, wata tsohuwa daga ƙauye ta zo ganin likita kuma a gidanku za ta sauka har ta warke. Kai za ka gaisa ka tafi ofis. Ita ce za ta ƙara awo, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna hira ko da akwai ɗinkin amarya a kan keke ana jira. Ga biki da suna kusan kowane mako, kowanne da gudummawarsa da ankonsa, kuma rashin zuwan matar ɗa ba ya wucewa ba a yi magana ba. Ba ina kushe zumunci ba ne, domin ranar da na kwanta rashin lafiya waɗannan mutanen ne suka riƙe mini yara suka yi mini girki ba tare da na roƙa ba, abin da ban taɓa samu a Yamai ba. Ina so ne kawai ka sani cewa kuɗin hayar da za ka rage, wani kaso nasa ta nan zai fita, kuma hutun da kake nema wa kanka kada ya zama ita ce za ta biya shi. Shawarata, kada ku sauka a gidan gado ko da an ba ku ɓangare kyauta. Ku kama naku a wata unguwa, inda zuwa gaishe da iyaye ba zai yi wuya ba, amma ba a leƙo ku kowace sa'a.

Game da sana'arta, matan Maraɗi suna son ado kuma suna biya, tela mai hannu ba ta rasa aiki a nan, sai dai za ta fara ne daga tushe, kuma a garin nan ta hanyar biki da sanayya ake samun masu kawo ɗinki. Ka ba ta lokaci, ka kuma bar ta ta riƙa zuwa ganin iyayenta ba tare da sai ta yi ta roƙo ba.

Makarantu akwai su, na gwamnati da na kuɗi da na Islamiyya, ga kuma jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, don haka yaro yana iya yin karatunsa tun daga aji ɗaya har digiri yana kwana a gidan ubansa. Abin da na fi gani a matsayina na malama shi ne yaron da bai sha doguwar tafiya da asuba ba yana shiga aji da sauran kuzarinsa. Ta fannin lafiya an samu ci gaba da babban asibitin da aka gina, amma akwai cututtukan da har yanzu sai an tura mutum Yamai, wasu kuma su tsallaka Katsina ko Kano. Idan a gidanka akwai mai ciwon da ke bukatar ƙwararren likita a kai a kai, ka yi bincike a kan wannan kafin ka amsa wa shugabanka.

Tafkin Madarunfa da kake bege yana nan, amma ƴan bindigar da suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato sun sa ƙauyukan bakin iyaka na wajen Madarunfa da Gidan Runji cikin zullumi, kuma tun 2019 jihar take karɓar ƴan gudun hijira. Cikin gari lafiya lau muke kwana, amma fita yawon buɗe ido wajen dajin Baban Rafi ba abin da ake yi ba tare da an tambayi mutanen wurin ba ne.

Ɗan unguwar Sura Bildi ta Maraɗi, mazaunin Yamai, ya amsa:

Yaya, da izinin manya, ni ta ɗaya ɓangaren nake kallon abin. Na gama jami'a a Maraɗi, na zauna a fada, wato majalisar hirar samari, ina shan shayi a ƙarƙashin bedin da kake bege har na gaji da ganin inuwarsa, sannan na hau mota na zo Yamai. Duk abin da ka lissafa na cunkoso da haya gaskiya ne, ɗakin da nake kwana mu uku ne a ciki. Amma a nan ma'aikatu suke, nan ƙungiyoyi suke, nan ake jin labarin gurbin aiki tun kafin a manna shi a bango, kuma a nan na sami wanda ya ɗauke ni aikin kwamfuta ba tare da ya tambayi ɗan gidan wane ne ni ba. A gida idan ba ka da uba a kasuwa ko jarin fara wani abu, abin da ya rage maka shi ne kabu-kabu, shi ya sa suka cika titin da Alhaji yake magana.

Kai kana da albashin da zai bi ka duk inda ka je, saboda haka kana da damar zaɓen gari don iskarsa, kuma ban ga laifinka ba. Abin da nake so ka duba shi ne yaranka. Yau ƙanana ne, fili da inuwa da kakanni sun fi musu kome. Nan da shekara goma sha biyar mai yiwuwa su ne za su hau motar da na hau, su zo su fara neman sanayya daga farko a birnin da aka haife su.

Ɗan Bagalam ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaya Malama, na karanta wa maiɗakina amsarki daga farko har ƙarshe, ta ce in gaishe ki, kuma a karon farko mun yi maganar a zaune ba a tsaitsaye ba. Sharaɗinta shi ne wanda kika faɗa, gidanmu daban. Ƙanena na Sura Bildi, maganarka ta shige ni, sai dai ina ganin shekarun da yaro yake bukatar ganin ubansa da rana ba sa dawowa, neman aiki kuwa kowa da rabonsa.

Baba, tun da kun ce inuwar cikin gari sai wadda mutum ya dasa, ina so ku ƙara mini haske. Idan Allah ya hore mini fili, me zan duba kafin in saya, kuma waɗanne itatuwa ne za su rayu ba tare da kuɗin ruwa ya gagare ni ba?

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji ya sake amsawa:

Ɗana, kafin itace ka fara duba hanyar ruwa. Ruwan da aka yi a ƙarshen watan Agustan 2024, wanda ya kai wajen milimita 150 cikin abin da bai kai sa'a biyu ba, ya rushe gidaje ya kuma kashe mutane aƙalla 15 a cikin garin nan. Garin yana kan tudu mai gangarowa zuwa gulbi, ƙasar kuma rairayi ce, saboda haka ruwa yana yanka kwazazzabai yana cin gindin katanga. Kada ka sayi fili da rani a kan maganar dillali. Ka je wurin washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ya kwanta da inda ya bi, ka dubi katangun maƙwabta ko akwai alamar inda ya tsaya, ka kuma tambayi tsofaffin da suka noma wurin kafin a yanka shi.

Idan ka tarar da gawo ko aduwa ko magarya a cikin filin, ka sa magini ya zana gidan ya kauce musu, domin abin da ka samu a tsaye ya fi wanda za ka jira shekara goma. Ka bar aƙalla kashi ɗaya cikin uku na filin ƙasa tsirara, ruwan sama ya sami inda zai nutse. Bedi ka sa shi a waje, ta yamma, inda zai tare maka ranar la'asar, amma ka nisanta shi da katanga da ramin masai kamar taku biyar ko shida, saboda saiwarsa tana fasa gini. A cikin gida ka sa zogale a jikin bango, yana saurin girma kuma yana shiga tukunya, sai lemun tsami da gwaba kusa da inda ake wanke-wanke da alwala, ka yi musu ƴar magudana ruwan ya riƙa isa gare su, in dai ba mai yawan sabulu ba ne. Mangwaro yana son ruwa sosai a shekarunsa na farko, a kan tudu guda ɗaya ya ishe ka.

Ka haƙa ramukan tun watan Mayu, zurfin kamu ɗaya da faɗin haka, ka cika su da taki ruɓaɓɓe gauraye da toka saboda gara, sannan ka dasa a Yuli idan damina ta zauna. Wanda yake waje ka yi masa shingen ƙaya ko na bulo, domin jar akuyar Maraɗi ba ta san na maƙwabci ba. Da rani ka shayar da yamma, ka rufe gindin da kara ko busasshen ganye. Kuma tun da za ka fara da haya ne, ba sai ka jira gini ba: da zarar takardun filin sun fito daga ofishin magajin gari kuma ka tabbatar ba a sayar wa wani shi ba, ka kewaye ka dasa, ka sa wani yaron unguwa ya riƙa shayarwa kana biyansa a wata.